Labarun fatalwa na garin Maraɗi: ya halatta a tattara su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Maraɗi, ina bin tsofaffin unguwannin Bagalam da Mokoyo ina ɗaukar labarunsu a waya, na fatalwa, na Doguwa, da na budurwar nan mai kofaton jaki da ake cewa tana tsayar da ƴan kabu-kabu da dare. Wani abokina a fada, majalisarmu ta shan shayi, ya ce wai shirka nake yaɗawa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abokin naka ya yi gaggawa, shirka ba kalmar da ake jifan mutum da ita a wurin shayi ba ce.

Fatalwa dai, wato a ce wane ya rasu an kai shi kushewa kuma ya dawo yana yawo cikin unguwa da likkafani, wannan babu shi. Suratul Mu'uminun aya ta 99 da 100, mamaci na roƙon a maido shi duniya aka ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya ma suna da irin nasu, suna cewa ran wanda aka kashe yana zama mujiya tana kuka a kan kabari sai an ɗaukar masa fansa, Annabi (SAW) ya kore wannan a hadisin Bukhari da Muslim. Aljanu kuwa akwai su, sura guda ce da sunansu, amma kasancewarsu ba ta gaskata duk abin da ɗan kabu-kabu ya ce ya gani ƙarfe biyun dare ga barci ga tsoro.

To tattarawa fa? Ya halatta, in ka rubuta a matsayin abin da mutane ke faɗi. Garin nan Katsinawa suka kafa shi bayan jihadi, sun zo da bori da sarautar Iya, wato shugabar ƴan bori, ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari aka hauro tudu, tsohuwar da za ta ba ka labarin iskokin fadama cikin labarin za ka ji inda rijiya take da inda tsamiya take da gidan da ya tashi. In ta rasu ba a ɗauka ba ya tafi ke nan.

Inda nake jin tsoro WhatsApp ne. Ka turo murya kana cewa wallahi jiya aka ga fatalwa, alhali ba ka gani ba, ka shiga hadisin Muslim, ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mafi muni a ce a gidan su wane fatalwar take, ko a ce wance mayya ce. Hayar gidan ta mutu, ƴaƴansu mata su rasa manema, wani ma a yi masa rubdugu a kasuwa kamar yadda ake yi lokacin jita-jitar satar mazakuta. Wannan haramun ne, sai ka goge sunan mutum da na gida kafin ka fitar. Kada ka tsorata yara da shi, kuma in wata ta ce sai an yi yanka a gindin tsamiya kafin ta ba ka labari, ka yi mata sallama, yanka don wanin Allah can ne shirkar da abokinka ke faɗi. Wallahu a'alam.