Filin Likita: Ciwon cikin da ba ya zuwa ranar Lahadi

Saƙonni huɗu na zaɓo wannan mako, duka daga cikin garin Zinder, kuma duka a kan yara ne. Na ɓoye sunaye kamar yadda muka saba.

Wata uwa daga unguwar Birni: Assalamu alaikum likita. Ɗiyata ƴar shekara 9 ce, tana aji CE2. Tun da aka koma makaranta a watan Oktoba, kusan kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Mun kai ta CSI, wato asibitin unguwa, an gwada jini da bayan gida, ba a ga komi ba. Asabar da Lahadi lafiyarta ƙalau. Yayarta mai shekara 14 ke raka ta makaranta, ita ke riƙe kuɗin ƙosan da nake ba ta, ita ke faɗa mata wadda za ta yi wasa da ita. Ƙawa ɗaya gare ta, ita ma yau suna tare, gobe ta yi kamar ba ta san ta ba. Mahaifinsu ya ce lalaci ne. Ƙarya take yi ko ciwo ne?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ƙarya take yi ba. Ciwon da take ji ciwo ne na gaske, ko da gwaji bai nuna komi ba. Tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji akwai jijiyoyi masu kai saƙo da kawowa. Idan yaro na cikin fargaba, hanjinsa kan murɗa, tashin zuciya ya zo, wani lokaci har da gudawa. Babba zai iya cewa "hankalina ba a kwance yake ba". Yarinya ƴar shekara 9 ba ta da wannan kalma, sai ta ce "cikina".

Kafin mu jingina shi ga damuwa, ki lura da wasu alamu. Idan ciwon na tashinta daga barci, ko yana tare da zazzaɓi, ko amai mai kore ko mai jini, ko jini a bayan gida, ko tana ramewa, ko idonta ya yi ɗorawa, to ku koma asibiti ba tare da jira ba. Haka kuma idan ciwon ya tsaya wuri guda nesa da cibiya, musamman ƙasan ciki ta hannun dama. In akwai mai sikila a danginki ko na mahaifinta kuma ba a taɓa gwada ta ba, a gwada. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, yarinya na ci tana girma, ciwon kuma ya san ranakun makaranta ya san ranakun hutu, to amsar tana cikin saƙon da kika rubuto da hannunki.

Ki dubi yinin yarinyar nan. Ta fita gida a ƙarƙashin yayarta, kuɗinta na hannun yayarta, wadda za ta yi wa magana sai da izinin yayarta. Mutum ɗaya da ta zaɓa da kanta, ita ma ba ta da tabbas a kanta. Tun daga ƙofar gida har ta dawo, babu wani abu guda da yake nata. Mu Hausawa muna girmama na gaba, kuma ban ga laifin hakan ba. Gidaje da yawa da ƴaƴa manya suke tsaye. Amma kula da ƙanwa daban, mallake ta daban. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya bi yara kusan 7,000 a Ingila, ya nuna cewa waɗanda ƴan uwansu na gida ɗaya ke cin zalinsu sau da yawa a mako suna da shekara 12, haɗarin su kamu da ciwon baƙin ciki mai tsanani suna da shekara 18 ya kusan ninka na sauran. Yaron da ake takura wa a makaranta yana da gidan da zai gudu. Wanda ake takura wa a gida, ina zai je?

Abin da nake so ki fara yi ƙarami ne. Daga gobe, ko dala goma ce ko ashirin, ki sa mata a hannunta, ki faɗa a gaban yayar cewa nata ne. Sannan ki samu lokaci ke da ita kaɗai, ko minti goma ne, kuna tsince shinkafa ko kina yi mata kitso. Kada ki tambaye ta "yayarki na dukanki?", don za ta ce a'a, ta san da wa za ta kwana ɗaki ɗaya. Ki ce, "Ba ni labarin hanyar makaranta yau." Ki yi shiru ki saurara. Wataƙila sai bayan mako guda ko biyu bakinta zai buɗe. In ta faɗa miki wani abu, kada ki tashi a take ki kira yayar ki yi mata faɗa a gabanta, domin ƙaramar ce za ta biya bashin bayan kin juya baya, kuma ba za ta sake faɗa miki komi ba.

Maganar ƙawa kuwa, kada ki raba su. A shekarun nan ƙawance haka yake, ana shiri ana ɓatawa. Abin da ya sa yake yi wa ɗiyarki zafi fiye da kima shi ne ba ta da wata. Ina ma zargin cewa ita ƙawar tsoron yayar take ji, shi ya sa take janyewa a wasu ranaku. Ki kira ta gida su yi wasa a tsakar gida inda idonki ke kansu, ki kuma bar ɗiyarki ta saba da wasu yara, a makarantar allo ko cikin ƴaƴan maƙwabta. Mai ƙawaye uku, in ɗaya ta yi fushi, ba ta kwana da kuka.

Makaranta kuma ta ci gaba da zuwa. Idan aka bar ta gida duk ranar da cikin ya murɗa, fargabar ƙaruwa take yi. Ki shafa mata cikin, ki ce kin yarda yana ciwo, ki tabbatar ta karya kumallo, sannan ki raka ta da kanki na ƴan kwanaki in da hali, ki gaisa da malaminta. Kada a riƙa ba ta ƙwayoyin kan tebur ko jiƙe-jiƙe kullum. In an yi wata guda babu sauƙi, ku je sashen yara na babban asibitin Zinder. Shi kuma maigida, ki karanta masa wannan amsa cikin ladabi: malalaci ba ya zaɓar ciwon da zai hana shi cin ƙosai.

Wani magidanci daga Sabon Gari: Likita, ɗana mai shekara 10 ya daina fitsarin kwance tun yana da 4, yanzu ya dawo. Ni direba ne, ina tafiya Agadez, na bar wa wansa mai shekara 17 kula da shi. Wan ya ce duka ne maganinsa.

Malam, duka ba magani ba ne, a daina shi yau. Yaro ba ya yin fitsarin kwance da gangan, yana barci abin ke faruwa. Wanda ya yi wata shida ko fiye a bushe sannan abin ya dawo, dole a nemi dalili. A kai fitsarinsa asibiti a duba ko akwai ƙwayoyin cuta, ko sukari, ko jini. Ka tambaya ko yana shan ruwa fiye da da yana kuma ramewa, domin ciwon sukari na yara haka yake farawa kuma ba ya jira. Ka tambaya ko yana wanka a tabki da damina, saboda tsargiya, wadda ake magance ta da praziquantel. Taurin bayan gida ma na kawo shi, haka sikila.

In duk wannan lafiya lau, ka lissafa da kanka: yaushe fitsarin ya dawo, yaushe ka miƙa yaron ga wansa? Saurayi ɗan shekara 17 da aka ba sanda ba a ba shi haƙuri ba, abin da ya gani ake yi shi zai yi. Ka binciki inda yake aiken ƙanen da dare. Yara da yawa suna kaiwa tsakar dare suna sayo gawayi da sukari a fadar samari, alhali ɗan shekara 10 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Ka kuma keɓe da yaron ka tambaye shi a hankali ko akwai wanda ke taɓa shi inda bai kamata ba. Tambaya ce mai nauyi a bakin uba, na sani, amma ka yi ta. Hukunci ya koma hannun mahaifiyarsu ko kawunsu in ba ka nan, kuma a daina shanya tabarmarsa inda yaran unguwa za su gani.

Wata kaka daga Garin Malam: Jikata ƴar shekara 5 tana magana ita kaɗai, ta ce da ƙawarta take wasa, mu kuwa ba mu ganin kowa. An ce aljanu ne.

Inna, ki kwantar da hankalinki. Yara da yawa masu irin shekarunta suna ƙirƙirar abokin wasa a zuci, musamman wanda ba shi da tsara a gida, kuma yana wucewa da kansa. Addu'a ki ci gaba da yi mata, amma kada a yi mata hayaƙi mai shaƙewa ko a tsorata ta. Abin da zai sa a kai ta asibiti shi ne in tana ƙurawa wuri ido na ƴan daƙiƙoƙi a kira ta ba ta amsa ba, wanda zai iya zama wani nau'in farfaɗiya, ko ba ta ji sosai, ko "ƙawar" na firgita ta, ko ta daina maganar da ta iya a da.

Wata ɗaliba, shekara 15: Likita, ni ce babba a ɗakinmu. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke dafuwa, ni ke kula da ƙannena uku, ga jarrabawar BEPC bana. In sun yi laifi ni ake duka, shi ya sa nake tsananta musu. Ƙanwata yanzu in ta gan ni sai ta yi shiru. Ba ni barci, ba ni son magana da kowa. Ni muguwa ce?

A'a, ɗiyata. Muguwa ba ta damuwa da shirun ƙanwarta har ta rubuto wa likita. An ɗora miki kayan da ya fi wuyanki, kina sauke wani a kan na ƙasa da ke. Duk wanda ya san wahalar ruwa a garin nan ya san abin da ake nufi da yarinya ta ɗebo ruwan gida kafin ta tafi aji. Amma tsoron da ƙanwarki ke ji shi ma gaskiya ne, kuma ke ce za ki iya rage shi. Ki ajiye duka. In ranki ya ɓaci, ki fita ɗakin har ya huce. Ki bar mata abin da za ta zaɓa da kanta, kamar zanen da za ta ɗaura ko wadda za ta yi wasa da ita. Ki kuma ce mata "yi haƙuri". Girmanki ba zai ragu ba.

Rashin barcin nan da ƙin magana sun fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, saboda haka ba ke kaɗai ba ce kuma ba hauka ba ne. In ya kai mako biyu kusan kullum kina haka, abinci ba ya yi miki daɗi, karatu ba ya shiga, ki je CSI a duba ki, har da gwajin ƙarancin jini, wanda ke yawan sa ƴan mata gajiya. Kada ki karɓi tramol ko ƙwayar barci daga hannun kowa. Ki samu babba guda da kika yarda da ita, gwaggo ko inna ko wata malamarki, ki nuna mata wannan amsa, ta yi wa iyayenki magana a raba aikin gidan kafin jarrabawa. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki faɗa mata a ranar, ku je asibiti tare.