Ta yaya Amurka ta sha kashi a Biyetnam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Jiya a teburin mai shayi nan Bauchi Road gardama ta kaure tsakanina da abokaina, wai ya aka yi Amurka da duk jiragenta da bama-bamanta ta kasa cin manoman Biyetnam masu takalmin taya? Don Allah a warware mana. Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai tun farko shirin da ta zo da shi ba na wannan yaƙin ba ne, sojojinta an horar da su ne don karawa da tankokin Tarayyar Sobiyet a filayen Turai, sai ga su a 1965 sun sauka Da Nang a Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, daji ne da fadamun shinkafa, abokin gaba kuma ba kaki a jikinsa, da rana manomi ne da dare ɗan sari-ka-noƙe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma kayen da Faransa ta sha a hannun 'yan Biyetnam a Dien Bien Phu a 1954 bai zame musu izina ba.

Hatta sabuwar bindigarsu M16 an raba ta ba isassun kayan gogewa, sai ta cije ana tsaka da ruwan harsashi, ka ga yaro yana zura ƙarfe ta bakinta don ya turo kwanson da ya maƙale. Kuma shekara ɗaya soja ke yi a canja shi, yana fara gane dajin sai a kawo baƙo.

Amma babban kuskuren a wurina, wallahi shi ya fi ci min rai, shi ne auna nasara da ƙirgen gawa da aka yi zamanin Janar Westmoreland, babban kwamandan sojojin Amurka a can. Kwamanda na son lamba ta hau, to wa zai tsaya tantance ɗan tawaye da mai noma? A ƙauyen My Lai a 1968 ɗaruruwan fararen hula aka kashe, har mata da yara. Mutumin da ka ƙone wa rumbu ta yaya zai nuna maka inda aka binne nakiya? Su kuwa 'yan Viet Cong, wato 'yan tawayen kwaminisanci na Kudu, suna cikin ramukan yankin Cu Chi a ƙarƙashin ƙasa, makamai na shigo musu daga Biyetnam ta Arewa ta hanyar da ake kira Ho Chi Minh da ta ratsa Laos da Kambodiya, duk luguden wuta bai toshe ta ba.

A harin da suka kai lokacin Tet, bikin sabuwar shekarar Biyetnam, a Janairun 1968 'yan tawayen sun yi mummunar asara, amma ganin an kutsa har ofishin jakadancin Amurka a Saigon, babban birnin Kudu, ya sa Amurkawa a gida suka daina yarda cewa nasara ta kusa, alhali sojojinsu kimanin 500,000 ke can. Amurka ta janye a 1973, ta rasa mutum sama da 58,000, Saigon kuma ta faɗa hannun Arewa ranar 30 ga Afrilun 1975.