Gyaran juyi yana farawa ne daga kaifin shiga

'Yar'uwa, kin ce juyinki a wasan zamiya a kan ƙanƙara ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana janki gefe, kuma bayan zagaye uku ko huɗu sai ki ji haƙoran gaban ƙarfen da ke ƙasan takalminki suna kartar ƙasa, har kina tambaya ko laifin takalmi ne ko kuwa hannuwa ne ba kya haɗewa da sauri. Na yi fama da wannan matsala kusan shekara biyu, kuma abin da na gano shi ne, yawancin abin da ke ɓata juyi yana faruwa ne tun kafin a fara juyawa, wato a kan kaifin da aka shiga da shi.

Ki kife takalminki ki shafa ƙasan ƙarfen da yatsa a hankali. Za ki ji kwari a tsakiya da kaifi biyu, na ciki da na waje, duka a cikin faɗin da bai wuce kimanin milimita 4 ba. Ta tsawo kuma ƙarfen a lanƙwashe yake kamar ƙasan kwale-kwale, kuma lanƙwasar ta fi tsanani a gaba, dab da haƙora, daidai ƙarƙashin tudun tafin ƙafa da ke bayan yatsu. A kan wannan ɗan wuri ake yin juyi. Idan nauyinki ya zarce shi zuwa gaba, haƙora za su ci ƙanƙara su rage miki gudu, idan kuma ya koma wajen diddige, ƙarfen zai riƙa zana manyan da'irori yana tafiya da ke.

Yanzu ga batun shiga, kuma zan ɗauka kina juyawa ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar yawancin masu wasan. Idan kin taka da ƙafar hagu, kina kan kaifin waje ne kina fuskantar gaba, gwiwa a lanƙwashe sosai, hannun hagu yana jagora, ƙafar dama kuma tana miƙe a baya. Aikinki a nan shi ne ki bar lanƙwasar ta yi ta matsewa kamar bawon dodon koɗi, har sai ƙarfen ya juya da kansa ya bar zane mai kama da lamba 3, sannan ne ƙafar dama za ta zagayo gaba a buɗe, gwiwar hagu kuma ta miƙe sannu a hankali, ki samu kanki a kan kaifin ciki kina zana ƙananan da'irori da baya. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne gaggawa: da na taka sai in wurgo ƙafar dama, in tilasta wa ƙarfen juyawa alhali gudun da na zo da shi yana nan a miƙe, bai riga ya koma zagaye ba. Kocina ta sa ni in riƙa riƙe wannan kaifi ina ƙirga uku a zuciya, ta kuma hana ni yin juyin gaba ɗaya na makonni, sai shigar kawai. Na ji haushin hakan a lokacin, amma shi ne ya warkar da ni.

Game da hannuwa, gaskiya ne cewa haɗe su da jiki yana ƙara gudu, domin duk sadda aka matso da nauyi kusa da tsakiya, juyawa na ƙaruwa. Sai dai haɗewar ba ta samar da tsakiyar da babu ita. Ki bar hannuwa da ƙafar dama a buɗe na zagaye biyu ko uku, har ki ji ƙarfen ya zauna, sannan ki jawo su a hankali kuma tare.

Bayan kowane juyi, ki koma ki duba zanen da kika bari, musamman in an share ƙanƙarar ba da jimawa ba. Juyi mai kyau yana barin ƙananan da'irori bisa juna, wanda ya yi tafiya kuma yana barin jerin madaukai. Ki dubi reshen farko na lambar 3 ɗin: idan ya kusa zama miƙaƙƙen layi, kin yi gaggawa. Idan kin ga layi biyu gefe da gefe maimakon ɗaya, ƙarfen a kwance yake, ba kya kan kaifi ko ɗaya, idan kuma akwai farin gari a gefen zanen, ƙarfen ya zame ne maimakon ya yanka.

Abin da ya sa nake nanata kaifi shi ne, har zuwa 1990 ana gwada 'yan wasa a gasannin duniya da zana siffofi irin na lamba 8 a kan ƙafa ɗaya, alƙalai su sauko kan ƙanƙara su duba zanen, kuma a ganina an yi asarar wani horo mai daraja da aka daina. Ba abin da zai hana ki yi wa kanki shi. Kaifi takwas ne: na ciki da na waje, gaba da baya, a kowace ƙafa. Ki ware minti goma sha biyar na farkon kowane atisaye ki riƙa zana rabin da'ira bayan rabin da'ira a kan layi ɗaya, kina karkata jiki gaba ɗayansa tun daga idon sawu har kafaɗa, ba tare da kin karya ƙugu ko kin sunkuyar da kai ba. Ki fi bai wa kaifin waje na baya a ƙafar dama lokaci, domin a kansa ake yin juyin baya, kuma a kansa ake dira daga tsalle.

Wannan ba ya nufin takalmi ba shi da hannu. An taɓa wasa mini ƙarafa a wurin da aka fi sabawa da takalman hoki, aka cinye lanƙwasar gaban nan, na yi wata guda ina zargin kaina kafin kocina ta kife takalmin ta gani. Ki ɗora tsabar kuɗi a kan ƙarfen yana kife. Idan ta karkata, kaifi ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ki kuma san awon lanƙwasar kwarin da ake yi miki, misali rabin inci ko 7/16 na inci (ƙaramar lamba ta fi zurfi), ki tsaya a kansa, domin mai zurfi ya fi kama ƙanƙara, kuma sauya shi kan sauya yadda juyi yake a ƙafa.

Jiri kuwa yana raguwa da sabo. Ba a kafe ido a wuri ɗaya kamar yadda masu rawar bale suke yi, saboda gudun ya fi ƙarfin wuya. A bar kai a miƙe, ido a buɗe yana kallon daidai tsayinsa. Lucinda Ruh ta Suwizalan ta yi zagaye 115 a jere a kan ƙafa ɗaya a birnin New York a 2003, amma ke a yanzu ki nemi shida masu tsabta a wuri ɗaya, kuma kada ki matsa zuwa juyin zaune ko na raƙumi (wanda ake sunkuyar da jiki a miƙe ƙafa ɗaya ta baya) sai zanenki na tsaye ya daina yin madaukai.