Me Ya Sa Sautin Rediyon Tauraron Ɗan Adam Ke Shaƙewa A Kan Babur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina da babban babur na doguwar tafiya ƙirar Harley-Davidson. Na yi rajistar SiriusXM, kamfanin rediyon tauraron ɗan Adam, don kada tasha ta riƙa ɓace mini idan na bar gari, amma kiɗan yana fitowa a shaƙe kamar daga cikin gwangwani, alhali waƙoƙin wayata suna fita tas a lasifikokin nan. Abokai sun ce in canja lasifika in ƙara amfilifaya, wani kuma ya ce laifin eriya ne. Wanne zan fara saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Tunda waƙoƙin wayarka suna fita tas, lasifikokin ba su da laifi, kunnenka kuma bai yaudare ka ba. Tun daga inda aka aiko sautin aka rage shi.

A shekarar 1997 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sayar wa kamfanoni biyu zangon watsa rediyo ta tauraron ɗan Adam, kowanne ya samu megahaz 12.5 kacal. Ɗaya daga cikinsu, XM, ya fara aiki a 2001, ɗayan kuma, Sirius, a 2002, suka haɗe a 2008 suka zama SiriusXM. A cikin wannan ɗan fili ake cusa tashoshi sama da ɗari, don haka dole a matse kowace sosai kafin a harba ta sama. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, waƙar MP3 ta waya yawanci 128 zuwa 320, tashar kiɗa ta tauraro kuwa tana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Abin da ake fara zubarwa shi ne siraran sautukan sama. Saurari inda mai ganga yake dukan farantan ƙarfe, ko inda mawaƙi ya furta harafin "s": maimakon su fito da kaifi, sai ka ji suna shuu, suna narkewa cikin juna. Tashoshin labarai da wasanni an fi matse su, sai dai muryar mai magana tana jure hakan, shi ya sa ba a cika kuka da su ba.

Abin da aka riga aka zubar, babu lasifikar da za ta dawo da shi. Mai tsada ma sai dai ta ƙara tona aibin, kuma yana damuna yadda mutane ke zuba kuɗi a nan su koma gida da ɓacin rai.

Eriya ma ba ita ce ba. Siginar dijital ce, ko dai ta iso ko ta yanke. Idan sauti yana ɗaukewa a ƙarƙashin gada, cikin itatuwa ko gefen tsauni, wannan maganar eriya ce: a ɗora ta inda take kallon sama sosai, musamman ta kudu, a kuma tabbatar jikinka ko na wanda ka goya bai tare ta ba.

Inda kake da ta cewa shi ne hanyar da sautin ke bi ya shiga rediyon babur. Idan na'urar a jikin rediyon take tun daga kamfani, shi ke nan. Idan kuwa ta daban ce da ka ɗaure a kan hannun babur, duba yadda aka haɗa ta. Mafi muni shi ne ta riƙa watsa sautin ta zangon FM rediyonka ya kama, domin FM ba ya wuce kilohaz 15, ga shisshigin tashoshin gari duk inda ka shiga. Bluetooth ya fi wannan, amma shi ma sake matse sautin yake yi. Haɗa ta da kebul kai tsaye zuwa ramin AUX, wato ramin shigar da sauti na jikin rediyon, shi ne ya fi. Idan ka ji wani siririn kuka yana tashi duk lokacin da ka murɗa totur, wutar babur ce ke shiga sautin, kuma akwai 'yar na'urar tacewa da ake sawa a tsakanin kebul ɗin ta kashe shi.

Sai iska, wadda ita ce babbar matsala da zarar ka hau babban titi. A gudun mil 60 ƙararta a cikin hular kwano tana iya haura desibel 90, ga rurin inji da salansa suna cinye sautin ƙasa. Abin da yawancin matuƙa ke yi sai su ƙure sautin sama don su ji waƙa, alhali a nan ɗin ne ɓarnar matsewar take zaune. Ka rage sautin sama kaɗan, ka ɗaga na tsakiya inda murya take, kada ka ƙure bas, wato sautin ƙasa, don ƙananan lasifikokin gaba ba sa iya ɗaukarsa a fili. Gilashin gaba mai tsayin da ya dace da kai zai yi maka amfanin da sabuwar lasifika ba za ta yi ba. Ka kuma riƙa sa abin toshe kunne na masu babur, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa; idan za ka koma sauraro ta cikin hula, duba dokar jiharka, don sun bambanta.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ka faka babur, ka kashe inji, ka kunna tasha ɗaya ta tauraro, sannan ka kunna ita dai ta manhajar SiriusXM a waya bayan ka ɗaga ingancinta zuwa ƙarshe. Ta intanet ba ta cikin ƙuncin zangon nan, don haka za ka ji ta fi buɗewa. Inda akwai sabis ka yi amfani da ita, ka bar tauraron don dogayen hanyoyin Nebada ko Montana inda waya kan ɗauke. Amfilifaya kuwa sai idan komai, har da waƙoƙin wayarka, yana fashewa in ka ƙara sauti a guje.