Amsa ga ɗana kan zancen kufai da sunayen garuruwa

Ɗana na ga saƙonka, ka ce mushenku na jami'a can Yamai ya ba ku aikin tattaro tsofaffin sunayen wurare, kuma kana tambaya don mi tsofaffi ke hana a ɗebi dutsi ko a yi tono a kufai, wai ko camfi ne kawai.

Ba camfi ba ne wallahi. Kufai gari ne, mutane sun zauna nan sun haihu nan an rufe su nan, shi ya sa mai wucewa ke yin sallama ya yi musu addu'a ya wuce abinshi. Akwai masu cewa iskoki ne ke tsaron wurin, ni dai abin da na sani in ka duƙa ka duba ƙasa za ka ga tsingaro, ka ga dutsin niƙa da ya lotsa a tsakiya don hannun mata, ka ga kashin tama baƙi ƙirin inda maƙera suka narka ƙarfe, kuma ranar da rikicin gona ya tashi waɗannan su ne shedu, hakimi zai ce kufan su wa ne, rijiyar wa ta gina. To in yara sun kwashe sun kai wa masu gini fa?

Takardun nasara kuwa ka karanta su, suna da amfani. Daga 1906 zuwa 1908 kyaftin Tilho na sojan Faransa ya bi ƙasar nan yana shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi, tafintanshi Landeroin ya zauna da mutane ya rubuta tarihin Adar da Konni. Amma fa da kunnensu suka rubuta, Tawa ta koma Tahoua, Madawa ta koma Madaoua, kuma a fada suka fi zama, labarin Agabba ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar ka same shi, sunan fadama ko tabki ko tudun da makiyaya suka raɗa wa suna kuwa da wuya. Ka tuna kuma a 1899 kyaftin Voulet na sojan Faransa ya ƙone Birnin Konni, shekara nawa tsakani? Wanda ya ga wannan da idonshi ba zai buɗe wa bature cikinshi duka ba.

Ka fara da IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'arku, nan kusa da kai, in hutu ya zo ka taho Tawa. Ka riƙo goro, ka gaida mai gari kafin ka taka kufan kowa, kada ka kunna waya kana ɗaukar muryar tsoho ba ka nemi izini ba. In za ka Masalata kusa da Konni wajen masu arwa ka nemi ɗan gari ya shige maka gaba. Tsofaffin mata ma ka zauna da su, su suka san sunan kowace rijiya, ka fara da gwaggonka tun tana da ƙarfin magana.