Tambaya da Amsa: Me ya sa waƙoƙin coci da Zabura ba su da amsa-amo irin na ƙasidunmu?

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, na tashi da Ishiriniya da Burda. Aiki ya kai ni Zuru, na ji maƙwabtana Kirista suna rera waƙoƙin ibada da Hausa, suna karanta Zabura, amma ban ji amsa-amo ko kari irin namu ba. Shin waɗannan ma waƙa ce?

Amsa: Malam, waƙa ce, sai dai ma'aunin ya bambanta. Zancen matsayin Zaburar da ke hannun Kirista a aƙida na malaman tauhidi ne. A nan gini kawai za mu duba.

Mu fara da namu. Rubutacciyar waƙar bege da wa'azi ta ɗauko awonta daga Arulin Larabci, wanda ke auna nauyin gaɓa. Gaɓa mai baƙi da gajeren wasali marar nauyi ce. Mai dogon wasali, ko wadda baƙi ya rufe, mai nauyi ce. "Annabi" mai nauyi ɗaya ce da marasa nauyi biyu. Burda ta Busiri tana kan bahrin (wato karin Aruli) da ake kira Basiɗ, kowane baiti ya ƙare da mimun. Daliyyar Shehu Usmanu tana kan Kamil, kuma ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya yi mata tahamisi. Tahamisi kuwa shi ne a kawo ɗango uku a aza kafin ɗango biyu na asali. Ukun su bi amsa-amon ɗangon farko na asalin, na biyar ya riƙe babban amsa-amo har ƙarshen waƙa. Haka Ibn Mahib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi, shi ya sa kake jin ta ƙwar biyar.

Zabura da Ibrananci aka rubuta ta, babi 150, kuma ba a gina ta kan amsa-amo ba. Ma'ana ce ke amsa ma'ana: ɗango na biyu ya maimaita na farko da wasu kalmomi, ko ya kishiyance shi, ko ya ƙarasa shi. A wani wuri mawaƙin ya kira maganar Ubangiji fitila ga sawunsa, nan take ya sake kiranta haske ga hanyarsa. Fitila da haske, sawu da hanya, awon ke nan. Irin wannan gini ba ya mutuwa a fassara, shi ya sa ya tsira a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Burda kuwa, in ka fassara ta a zube, Basiɗ da mimun sun tafi.

Inda abin ya fi ban sha'awa a ganina shi ne jerin haruffa. Ishiriniya ƙasida 29 ce, ɗaya ga kowane harafi, kowace baiti 20, kuma baitocin asalin suna farawa da harafin su ƙare da shi. Zabura ta 119 kashi 22 ce, adadin haruffan Ibrananci, kowane kashi aya 8, dukkansu suna farawa da harafi guda: aya 176 ke nan. Dabarar tana taimakon hadda, amma ita fassara ba ta iya ɗauko ta, don haka maƙwabcinka mai karantawa da Hausa ba zai ji ta ba.

Waƙoƙin coci daban ne. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke littattafan waƙoƙi fassara ce aka ɗora kan muryoyin Turawa, su kuwa yawan gaɓoɓi suke ƙirgawa, misali 8, 6, 8, 6 a baiti mai ɗango huɗu. A nan ne kunnen Bahaushe ke jin tuntuɓe. Muryar ba ta san dogon wasali da gajere ba, ba ta san karin sautin Hausa ba, sai ta ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, "gari" na zama ya koma "gari" na tuwo. Waƙoƙin da matan ƙungiyar zumunta ta coci ke tsarawa da kansu, mai bayarwa da 'yan amshi, ba su cika samun wannan matsala ba, domin daga bakin Hausa muryar ta fito.



In kana son gwada kowace waƙa, rubuta baiti biyu, ka ninka dogayen wasula tunda boko ba ya nuna su (ajami ya fi shi a nan), ka sa alama kan kowace gaɓa. In tsarin nauyi ya maimaitu, Aruli ne. In adadin gaɓoɓi kaɗai ya daidaita, awon ƙirga ne. In duka biyu babu, duba ko ɗango na biyu yana amsa ma'anar na farko. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne yanke wa baiti hukuncin karyewa don sun ga gaɓa ta ragu, alhali a Kamil halas ne marasa nauyi biyu na farkon ƙafa (rukunin gaɓoɓin da ke maimaituwa a baiti) su haɗe su zama mai nauyi ɗaya.