Wane ne ƙaton nan mai jar dara a fim ɗin Casablanca?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli tsohon fim ɗin nan Casablanca, sai na ga wani ƙaton dattijo mai jar dara, wanda yake riƙe da gidan shaƙatawa na Blue Parrot, yana zaune yana kashe ƙuda. Fitowarsa ba ta da yawa, amma ya tsaya min a rai. Wane ne shi, kuma me ya hana mai iya wasa irin wannan zama jarumi?

Amsa: Barka kadai. Sunansa Sydney Greenstreet, Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a garin Sandwich da ke yankin Kent ranar 27 ga Disamba, 1879. Mahaifinsa majemi ne. Yana da shekara 18 ya tafi Silon, ƙasar da ake kira Siri Lanka yanzu, don noman shayi, fari ya koro shi gida. Ya kama aiki a wani kamfanin giya, zaman ya gundure shi, sai ya shiga koyon wasa a wurin Ben Greet, mai tawagar da ke yawo gari-gari da wasannin Shakespeare. A 1902 ya fara hawa dandamali a Ramsgate, a matsayin mai kisan kai cikin wani wasan Sherlock Holmes. Zuwa 1905 yana wasa a New York.

Lissafa da kanka. Daga 1902 zuwa 1941 bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kusan shekara 40 yana wasa a gaban jama'a ido da ido. A dandamali babu darakta da zai ce a tsaya a sake ɗauka. In ka yi tuntuɓen harshe, 'yan kallo sun ji. In barkwancinka bai ba da dariya ba, shirun nan kai zai daka. Ya yi Shakespeare, ya yi wasan ban dariya, ya yi masu waƙa, sannan ya daɗe tare da ma'auratan 'yan wasan nan Alfred Lunt da Lynn Fontanne a ƙarƙashin ƙungiyar wasan dandamali ta Theatre Guild. Abin da ya kama ka a Casablanca can aka ƙera shi. Ya san inda zai ja numfashi a tsakiyar magana, ya san yadda zai yi dariya daga cikin tumbi alhali idonsa bai yi dariya ba.

John Huston ne ya gan shi a wani wasa a Los Angeles, ya ba shi fitowar Kasper Gutman a The Maltese Falcon na 1941. Fim ɗin farko ke nan ga Huston a matsayin darakta, na farko kuma ga Greenstreet, yana da shekara 61. Mary Astor, wadda suka fito tare, ta ba da labarin yadda tsoro ya kama dattijon nan kafin ɗaukar farko, har ya roƙe ta ta riƙe masa hannu. Mai ɗaukar hoto, Arthur Edeson, ya riƙa sauke kyamara ƙasa yana hasko shi daga nan, sai cikin ya cika allo. An sa sunansa a takarar Oscar ta ɗan wasa mai taimakawa, amma Donald Crisp ya ɗauka. Gutman ya yi suna har masanin kimiyya Robert Serber ya ce daga gare shi ya samo laƙabin Fat Man, wanda aka sa wa bam ɗin da aka jefa a Nagasaki a 1945.

Batun jarumta kuwa, ina ganin ka ɗan karkata tambayar. Kamfanonin Hollywood na lokacin suna ɗaure 'yan wasa da kwantiragi, kowa da gurbinsa. Jarumi shi ake sayar da fim da fuskarsa, don haka ba a son ya sauya. Irin su Greenstreet aikinsu daban: a ba ka minti biyar ka gina mutum guda, ɗan kasuwar bayan fage ko attajiri mara imani, yadda jarumin zai samu wanda zai kara da shi. Warner Bros sun gane haka, suka riƙa haɗa shi da Peter Lorre, ƙato da ɗan tsurut, har fim tara. A ganina wannan gurbin ya fi na jarumi wuya, kuma Humphrey Bogart, jarumin Casablanca da The Maltese Falcon, ya ci riba da samun irinsa a gabansa.

Ba a hana shi jan fim gaba ɗaya ba. Nemi The Mask of Dimitrios na 1944 da The Verdict na 1946, shi da Lorre ne a gaba. In ban dariyarsa kake so, akwai Christmas in Connecticut na 1945.

Shekara takwas kacal ya yi a fim, ya rufe da Malaya a 1949. Ya koma rediyo yana fitowa a matsayin ɗan bincike Nero Wolfe daga 1950 zuwa 1951. Ciwon suga da na ƙoda sun daɗe suna cin sa, ya rasu a Hollywood ranar 18 ga Janairu, 1954, yana da shekara 74.